Mai ba da umarni ba a san madogararsa ba: ina iyakar wannan salon take?

"Salamu alaikum Malam. Mu wata 'yar ƙungiya ce ta masu rubuta labari a nan Marwa, muna tattara salon da ke yawan dawowa cikin labarai da finafinai dan mu riƙa gane su a rubutunmu. Akwai ɗaya da muka sa wa suna 'iko ba madogara', wato mutum ya fito cikin labari yana ba da umarni kowa na bi, ba a taɓa faɗin inda ya samo ikon ba. To gardama ta kaure tsakaninmu. Wasu sun ce sarkin tatsuniya ma ya shiga ciki, da uba mai yi wa 'yarsa auren dole, da boka, da Alhajin fim, duka. Ni kuma na ce in haka ne ai ba labarin da zai tsira. Malam ina iyakar abin ya kamata ta tsaya?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya yi wa ƙungiyar taku albarka, wannan aikin da kuka ɗauko ba ƙarami ba ne kuma na ji daɗi sosai da jin akwai masu yin sa a Marwa, nan arewacin Kamaru. In na fahimce ki da kyau, ku duka kun yarda akwai irin wannan mutumin a labari, inda kuka rabu shi ne wa da wa za a kira da sunan. Wasu na so duk mai iko da labari bai tsaya ya karanto tarihin ikonsa ba a jefa shi ciki, ke kuma kina ganin hakan zai haɗiye komai. Ni dai ina gefenki, amma ba dan hujjar da kika kawo kaɗai ba, dan ko da salo ya yi yawa a labarai hakan bai hana shi zama salo ba. Dalilina shi ne mutanenki sun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne, wato ikon da labari bai faɗi tushensa ba, da ikon da mai sauraro ba shi da hanyar sanin tushensa. Na farkon kusan kowane labari na yin sa kuma ba laifi ba ne. Na biyun shi ne abin da ya cancanci suna.

Ba a yi bayani ba, amma ga wa?

Ɗauki sarkin tatsuniya tunda da shi suka fara. Kaka ta ce ga ta nan ga ta nan ku, yara suka ce ta zo mu ji ta, ta ce wani sarki ne ya sa aka yi shela duk wanda ya yi kaza zai ba shi 'yarsa. Akwai yaron da ya taɓa katse ta ya ce Kaka wa ya naɗa shi? Babu, kuma ba dan yaran ba su da wayo ba ne, a'a, dan kalmar sarki kaɗai ta zo masu da kayanta cike. Yaron Marwa ko na Garwa ko na Ngaundere ya ga ƙofar fadar lamido, ya ga dogarai, ya ji algaita ranar hawan salla, ya ga babansa da yake tsoro ya cire takalmi tun daga nesa ya durƙusa. Ya san akwai lawan, akwai jauro, a unguwarsu ma akwai Sarkin Hausawa. Babba kuma ya san fiye da haka, ya san yawancin sarautun yankin nan asalinsu na komawa ga tutar da Modibbo Adama ya karɓo daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a farkon ƙarni na 19, ya san gwamnatin Kamaru ma ta tsara sarautun gargajiya hawa uku a dokar 1977, mai daraja ta ɗaya da ta biyu da ta uku. To kin ga bayanin yana nan, sai dai ba a cikin tatsuniyar yake ba, a cikin kan masu sauraro yake, kuma mai ba da labari mai hankali ba ya ɓata dare yana faɗa wa mutane abin da suka riga suka sani.

Haka uba, haka miji, haka malamin allo da bulalarsa, haka jandarma a bakin shinge ya ɗaga hannu direba ya taka birki. Wani masanin zamantakewa Bajamushe, Max Weber, wanda ya rasu a 1920, ya kasa dalilan da ke sa mutane su yarda wani ya mulke su gida uku: gado da al'ada, sai doka da muƙami, sai kwarjinin mutum shi kansa. Lamido na gidan farko, sufurefe, wato jami'in gwamnati mai mulkin gunduma, na gida na biyu, shehin da mutane ke bi dan abin da suke gani a tare da shi yana na uku. Duk wanda kika iya sakawa cikin ɗayan gidajen nan daga jin sunansa ko ganin shigarsa, to an yi bayaninsa an gama, ko labarin bai ƙara kalma ɗaya ba.

Nan ne nake so ki riƙe masu wuya, dan ma'aunin dole ya zama mutanen da aka yi labarin dominsu. In wani ɗan Faransa ya kalli fim ɗinmu ya kasa gane me ya sa mace mai 'ya'ya huɗu ta yi shiru dan yayar mijinta ta ɗaga murya, wannan rashin saninsa ne, ba giɓi ba ne a labarin. Mu mun san matsayin uwar miji da dangin miji a gidan aure. Haka mu ma in muka kalli nasu akwai masu ikon da za su ba mu mamaki alhali su ba su ga komai ba.

Tambaya ɗaya da nake aiki da ita

Ni aikina rubuta wasan kwaikwayo na rediyo ne a nan Garwa da horar da matasa masu shigowa harkar, kuma rediyo na tilasta maka ka fahimci wannan batun dan ba rawani, ba kaki, ba mota mai tsada da za a gani, komai sai kunne ya ji. Tambayar da nake yi wa duk wani mai ba da umarni a takarda ita ce: in an ƙi fa? Wato wanda aka ba umarnin in ya ce ba zan yi ba, me zai same shi, kuma mai sauraro ya san amsar ko zai iya cankarta? In uba ne, amsar ita ce fushin iyaye da baki da korar gida da surutun dangi. In jandarma ne, a kwana a birgad, wato ofishinsu. In malami ne, bulala ko a kai ƙara gida. In sarkin tatsuniya ne, a sare kai. In kuwa kika yi tambayar kika ji shiru, ke ba ki sani ba, mai sauraro bai sani ba, wanda ya rubuta ma kika tambaye shi ya fara kame-kame, to kin kama salon da kuke nema.

Wani yaro cikin waɗanda nake koyarwa ya taɓa kawo min wata fitowa da ya rubuta, wadda ke faruwa a tashar mota. An gama lodi, fasinja sun cika, kayan albasa an ɗaure a sama, direba ya tada inji, sai wani mutum ya iso ya ce a sauke kayan nan duka motar nan ba inda za ta yau. Sai direba ya kashe mota, yaran mota suka hau suna kwance igiya, fasinja suka sauka ba wanda ya ce uffan, har da wata mai jego. Muna gwaji sai wanda ke yin direban, wanda shi kansa ya taɓa yin yaron mota, ya ajiye takardar ya ce Malam ni fa bakina ya ƙi faɗin "to ranka ya daɗe" ɗin nan, wane ne shi? Ya ce a tashar gaske ko kamasho ne ya faɗi haka sai an yi rabin awa ana hayaniya, balle wani daga zuwansa. Muka juya ga marubucin, ya ce shi dai yana so motar ta kwana ne dan jarumin ya haɗu da yarinyar da daddare. Kin ji tushen ikon mutumin nan gaba ɗaya, marubuci na bukatar mota ta kwana. Wannan shi ne iko ba madogara na gaskiya, mutanen cikin labari sun bar maslaharsu da halinsu sun bi wani, ba dan wani abu da ke cikin duniyarsu ba.

Gyaran bai ci layi biyu ba. Muka sa ɗaya daga cikin yaran mota ya yi wa ɗan'uwansa raɗa, "kai rufa mana asiri, shi ne ya ba maigida kuɗin injin nan, wata uku ba a biya shi ba," muka kuma bar mai jegon ta yi faɗa sosai kafin ta sauka. Shi ke nan mutumin ya samu ƙafar tsayawa. Ki lura ba tarihinsa muka bayar ba, ba mu faɗi sunan ubansa ko garinsu ba, abin da zai faru in an ƙi kawai muka nuna. Faɗan mai jegon ma bayani ne, dan iko ba ya fitowa fili sai an ɗan taɓa shi an ga ya tsaya.

Maƙwabtansa da ake rikita shi da su

Akwai wasu kala uku da ke kama da shi a fuska, kuma ina zargin rabin misalan da 'yan ƙungiyarku ke kawowa daga nan suke. Na farko mai ikon aro, wanda ya sa rigar da ba tasa ba mutane suka bi rigar. Wannan ya faru da gaske a Jamus a watan Oktoba na 1906, wani mai gyaran takalmi Wilhelm Voigt ya sayi tsofaffin kayan kyaftin na soja ya saka, ya tare wasu sojoji a hanya ya ce su biyo shi, suka bi shi har ofishin magajin garin Köpenick kusa da Berlin, ya sa aka tsare magajin garin ya karɓi kuɗin asusu ya yi tafiyarsa. In aka mai da wannan labari ba za ki ce ba madogara ba, madogarar ita ce kakin, kuma daɗin labarin gaba ɗaya shi ne mu mun san ƙarya ne su ba su sani ba. Gizo ma sana'arsa ke nan, sau nawa yake zuwa wa dabbobin daji da cewa sarki ne ya aiko shi. Wannan gidan yaudara ne, a ba shi nasa sunan.

Kuma kada wani ya ce miki ai mutane ba sa bin umarni haka kawai saboda alama. A 1961 wani masani Stanley Milgram ya yi gwaji a jami'ar Yale ta Amurka, mutum sanye da rigar ɗakin bincike yana umartar mutane su riƙa ƙara wa wani wutar lantarki in ya kuskure amsa, wutar ta ƙarya ce amma su ba su sani ba, cikin 40 sai da 26 suka kai har ƙarshe, volt 450. Da aka maida gwajin wani ofis na haya a garin Bridgeport ba sunan jami'a, masu kaiwa ƙarshe suka ragu zuwa ƙasa da rabi. Abin da nake so marubuci ya ɗauka a nan shi ne biyayya na tafiya da alama, a rage alamar biyayyar ta ragu, dan haka labarin da ya cire alama gaba ɗaya ya bar biyayya cif, ya saɓa wa yadda ɗan Adam yake.

Na biyu mai ikon da aka ɓoye da gangan. Baƙo ya sauka a gari, mai unguwa na ganinsa ya miƙe tsaye jiki na rawa, mu ba mu san dalili ba, amma labarin ya san ba mu sani ba kuma yana ja mana rai da shi, wata ƙila ma wani a cikin labarin ya tambaya a bakinmu, wai shi wannan wane ne? Wannan bashi ne marubuci ya ɗauka zai biya a gaba. Bambancinsa da mutumin tasha shi ne a nan rawar jikin mai unguwa ta gaya mana akwai dalili, a can ba wanda ya nuna ko a fuska cewa akwai abin tambaya.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni sha'awa, tsohuwar tatsuniya. Kin san wadda kishiyar uwa ke aiken marainiya wani rafi mai nisa, ta tarar da tsohuwa ta ce cuɗa min baya, ta cuɗa, ta ce ɗauki ƙwan da ya yi shiru ki bar masu cewa ɗauke ni, ta bi, ta dawo da dukiya. Wace ce tsohuwar nan, wa ya ba ta izinin umartar 'yar mutane? Ba a taɓa faɗa ba, kuma a nan masu faɗaɗawa za su ce to ga shi. Amma ki jira rabin labarin na biyu, 'yar kishiya ta je ta yi tsaki ta yi rashin kunya ta ɗauki ƙwai mai surutu, abin da ya fito mata kowa ya sani. Kin ga tatsuniyar da kanta ta amsa "in an ƙi fa", ta ma kashe rabin tsawonta wajen amsawa. Masu nazarin tatsuniyoyin duniya sun san wannan ƙirar, ita ce lamba 480 a jerin da Antti Aarne ya fara a 1910, Stith Thompson ya faɗaɗa, Hans-Jörg Uther ya sabunta a 2004. Vladimir Propp kuma da ya yi nazarin tatsuniyoyin Rasha 100 a 1928 ya ware irin tsohuwar nan a matsayin mai jarraba jarumi kafin ta ba shi abin taimako. Tana da aikinta, tana da sunanta, ba ta bukatar ku ba ta wani.

Inda mutanenki suke da gaskiya

Ba zan so ki koma ki ce Malam ya ce kun yi kuskure shi ke nan ba, dan abin da ke damun su abu ne na gaske. Wanda ya kawo misalin uba mai auren dole, ina jin abin da ke ransa shi ne me ya sa labaranmu ba sa taɓa tambayar wannan ikon, me ya sa yarinya ke kuka fitowa goma amma ba wanda ya ce wa uban da wane haƙƙi, alhali a addini ma ana neman yardarta. Wannan tambaya ce mai nauyi kuma wallahi ni ma tana damuna, na sha karanta rubutun da ke maida zalunci kamar ruwan sama, abu ne da ke sauka kawai a yi haƙuri. Sai dai wannan ikon da ba a ƙalubalanta ba ne, ba ikon da ba a san tushensa ba, tushen nasa ma ya fi na kowa fitowa fili shi ya sa yake da ciwo. Ku buɗe masa nasa shafin, ku ba shi suna, ku tara misalansa, zai ma fi wancan amfani ga masu rubutun soyayya da zaman aure.

In kuka cusa su wuri ɗaya abin da zai faru shi ne sunan zai daina aiki. Masuntan Binuwai sun san taru mai ƙananan ido sosai komai yake kwasowa, kifi da ciyawa da kwaɗo, ka dawo kana tsinta har rana ta faɗi. Ranar da wata a cikinku ta kawo labarinta aka ce mata akwai iko ba madogara a babi na uku, ya kamata ta san nan take me za ta gyara. In sunan ya ƙunshi sarki da uba da boka da mutumin tasha, sai ta tambaya wanne kuke nufi, a sake sabuwar gardama, kuma maganin kowanne daban ne: mutumin tasha layi biyu yake bukata, uban kuwa yana bukatar marubuciya ta sake tunanin abin da take son faɗa gaba ɗaya. Shi kansa Thompson da ya haɗa babban kundinsa na ƙananan salon tatsuniya mai juzu'i shida, sarakuna da zaman jama'a ya sa su ƙarƙashin harafin P, yaudara da shigar burtu ƙarƙashin K, bai haɗa su ba duk da sau da yawa a labari ɗaya suke haɗuwa.

Da ni ne zan rubuta maku ma'anar, sharaɗi uku zan sa kuma sai sun cika duka: mutanen labarin sun bi umarni a kan abin da ya saɓa wa son ransu ko maslaharsu, mai sauraron da aka yi labarin dominsa ba zai iya faɗin abin da zai samu wanda ya ƙi ba, sannan labarin bai nuna ya san akwai tambaya ba har ya ƙare. Sharaɗin farko yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, dan in wani ya ce a kawo ruwa aka kawo ba iko ba ne, ladabi ne kawai.

Waɗanda ni ma ban yanke ba

Boka yawanci yana tsira, dan tsoron asiri madogara ce da kowa ya sani. Alhajin fim kuwa ya danganta. In yana umartar direbansa da masu gadinsa da wanda ke cin bashinsa, kuɗi sun yi bayani. Amma akwai Alhajin da zai ɗaga waya ya ce a saki wane, a rufe wane, a kori likita daga aiki, alƙali ya juya hukunci, duk cikin fitowa ɗaya. Wani zai ce mai kallo ya san kuɗi na yin haka a ƙasashenmu dan haka an yi bayani, wani zai ce kuɗi ma suna da hanyar da suke bi kuma ba a nuna ko ɗaya ba. Ni na fi karkata ga na biyun in ikon ya tsallaka fagage da yawa haka, amma na yi wannan gardamar da abokan aikina da nake girmamawa ba mu daidaita ba, kuma ki tuna ni kunnen rediyo gare ni, mai aikin fim zai iya ce miki gidan da motar da yadda ɗan sanda ya sunkuyar da kai sun isa, kuma ba zan ce ƙarya yake ba.

Sai kuma muryar nan ta waya da ake yawan sakawa a labarai masu dogon zango, "oga na sama" da 'yan daba ke karɓar umarninsa ba a taɓa ganin fuskarsa ba. Muddin labarin na tafiya ba za ki iya cewa bashi ne za a biya ko giɓi ne ba, wani lokacin marubucin ma bai yanke ba, yana jira ya ga ko masu kallo za su ci gaba da tambaya. Irin wannan ku ajiye shi gefe da alamar tambaya, kada ku shigar da shi ko ku fitar sai zango na ƙarshe ya fito. In kuma labarin ya tsaya a hanya saboda kuɗi sun ƙare, kamar yadda yake yawan faruwa, ku bar shi a gefen nan ɗin, dan ba adalci ba ne a yanke wa marubuci hukunci a kan babin da bai samu damar rubutawa ba.